Ɗan Fillo Ya Ajiye Sanda, Ya Ɗauki Ƙarfe

Bawana Ɗan Fillo, ubangidanka na gaishe ka daga Zangon Barebari. Ina gajiya, ina shanu, ina kuma tsamin jiki? Labari ya iso mana Kano cewa wani gidan motsa jiki a Abuja ya ɗauke ka aiki, wai kai ne za ka riƙa nuna wa mutane yadda ake tara ƙwanji da yadda ake sauke tumbi. Duk wanda ya san ka sai da ya nemi a maimaita masa. Kai da tela ke yi wa riga da wando a yadi uku har a samu rarar hula? Kai da in iskar hunturu ta taso sai ka riƙe sanda da hannu biyu? Wani dattijo a unguwarmu cewa ya yi ƙila ba don koyarwa aka ɗauke ka ba, a bakin ƙofa za a ajiye ka, duk mai teɓar da ya shigo a nuna masa kai a ce ga inda za a kai shi in ya biya kuɗin shekara. Ni dai na kare ka, don ba a wulaƙanta bawan mutum a gabansa. Na ce su bari in rubuto maka, tunda ba yau Barebari suka fara gyara wa Fulani karatu ta wasiƙa ba. Shehu Laminu na Borno ma sai da ya yi ta aika wa Muhammadu Bello takardu sama da shekara 200 da suka wuce, kuma har yau ba ku gama hardace abin da ke ciki ba.

Gaskiya ɗaya zan ba ka, kuma kada ka saba. Sana'ar da ka shiga tana da kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, sannan ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ƙididdigar da ta fitar a 2024 ta nuna wajen kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan mudu. Na san dariya kake yi, domin minti 150 ɗin nan kakanka kan cinye su tsakanin ruga da mashaya tun hantsi bai dubi ludayi ba, bai kuma taɓa sanin lafiya yake saye ba. Mutumin Abuja kuwa daga gado sai mota, daga mota sai kujerar ofis, daga kujera sai teburin abinci, ƙofa ma direba ke buɗe masa. Ranar da likita ya ɗaura masa abin awo a damtse ya girgiza kai, ranar yake neman irinka. Ka ga ikon Allah, tafiyar da birni ya raina ku a kanta ita ce yanzu ake biyan kuɗi a yi ta a ɗaki mai sanyi, a kan inji, ba a je ko'ina ba. Shi kansa injin asalinsa horon 'yan kurkuku ne. Wani injiniya a Ingila, William Cubitt, ya ƙera kakansa a 1818 don fursunoni su wuni suna taka matakalar da ba ta ƙarewa, suna juya dutsen niƙa ko famfon ruwa. Kada ka gaya wa Alhaji wannan sai ya biya kuɗin wata.

Yanzu saurara, ga inda yaran da suka fi ka ƙirji suke faɗuwa. Suna zaton don jikinsu aka ɗauke su. Sai ka ga saurayi ya matse cikin singileti, ya tsaya gaban madubi yana duban damtsensa hagu da dama, kwastoma kuwa yana can baya yana ɗaga ƙarfe da baya a lanƙwashe, saura ƙiris ya ji ƙas a kwankwaso. Mai gidan motsa jiki ɗan kasuwa ne. Ya kama haya a Wuse ko Gwarimpa, ya sayo injuna da dala, yana ciyar da janareta safe da yamma, kuma tun da aka cire tallafin fetur aka saki naira a 2023 komai nasa ya tashi. Ƙwanjin koci ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke biya shi ne Alhajin da ya yi rajista wannan wata ya dawo ya sabunta wata mai zuwa, ya kuma jawo abokinsa. Sabon kwastoma talla ce ke kawo shi, ko tsoron likita, ko bikin da ya matso. Wanda ya zauna kuwa, koci ne ya zaunar da shi.

Saboda haka aikin naka kiwo ne, kuma abin haushi, nan ne kaɗai Allah ya ba ku abin da bai ba mu ba. Makiyayi ya san kowace saniya da sunanta da halinta, ya san wadda ta kwana ba ta yi tuƙa ba, ya ga mai ɗingishi tun ba ta bayyana ba, ba ya kuma kora mai ciki da saurin bijimi. In garke ya dawo da yamma ba ƙirga yake yi ba, kallo ɗaya ya san wadda babu. Haka ake so ka zama. Mutum ya yi kwana huɗu bai zo ba, ka kira shi ka gaishe shi, ba don ka tuna masa kuɗi ba. Ka riƙe littafi ka riƙa rubuta wane ya ɗaga kilo nawa, sau nawa, gwiwarsa ta yi ƙara ko ba ta yi ba, yaya barcinsa. Ranar da ya karaya ya ce shi bai ga canji ba, sai ka buɗe masa shafin watan jiya, ka tuna masa cewa benen da yake hawa da haki yanzu yana hawansa yana amsa waya.

Akwai ma labarin da ya kamata a ce naku ne, Girkawa suka riga ku. Wani ɗan kokawa ne, Milo, mutumin Kuroton a kudancin Italiya ta yau, ya yi zamani sama da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ci gasar Olamfik sau shida. Suna ba da labari cewa jinjirin maraƙi ya samu, kullum ya saɓa shi a kafaɗa ya zaga da shi. Maraƙi na girma, ƙarfin Milo na ƙaruwa, har aka wayi gari yana saɓe da bijimi. Duk ilimin ɗaga ƙarfe a kan wannan ya tsaya: a ƙara wa jiki kaya kaɗan-kaɗan, a ba shi abinci da barci, shi zai yi sauran. Ku da kuke da maraƙan ba wanda ya taɓa wannan tunani, sai dai ku bi su a baya kuna fito.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne jinin sharo. Kun saba a tsaya a fili a sha bulala ana murmushi, kada ka ɗauka Alhaji ma haka yake. Akwai kocin da ya mayar da ranar farko ranar gwale-gwale: tsallen kwaɗo, tsuguna-tashi ba adadi, gudu har sai mutum ya ga duhu-duhu, wai don a san an zo wurin aiki. Washegari bawan Allah ba ya iya ruku'u, sallah a zaune, matarsa na gasa masa jiki tana mitar wanda ya ba shi shawara. Ba zai dawo ba, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labarinka. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ba laifi ba ne ga sabon shiga, amma ba shi ne shaidar aiki ya yi kyau ba. Akwai wanda ma ya wuce tsami. In aka gallaza wa tsokar da ba ta saba ba, tana iya farfashewa ta zuba dattinta cikin jini, ƙoda ta kasa tacewa. Alamarsa ciwo mai tsanani, kumburi, fitsari kuma ya koma launin baƙin shayi. Wanda ya gaya maka haka ba man zafi za ka ba shi ba, asibiti za ka kai shi a ranar.

To ga kunya kuma, wadda kuka mayar sarauta. Mutumin da ba ya iya faɗin sunan ɗansa na fari, yaya zai dubi babban mutum mai furfura ya tambaye shi ko yana da ciwon suga? Dole ka iya. Kafin kowa ya taɓa ƙarfe a hannunka, ka zaunar da shi ka tambaye shi ko likita ya taɓa ce masa zuciyarsa na da matsala, ko ƙirjinsa kan yi ciwo in ya hau bene, ko jiri kan ɗebe shi, wane magani yake sha, wane aiki aka taɓa yi masa. Ka koyi auna jini. In awo ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko sama, hawan jini ne, kuma da yawan masu shi ba su san suna da shi ba, don ba ya sallama. Irin wannan mutum ba a barinsa ya riƙe numfashi yana kokawa da ƙarfe mai nauyi, domin a daidai lokacin jini ke tsalle. Mai suga da ke allurar insulin na iya zuwa bai ci komai ba, ana cikin atisaye ka ga gumi mai sanyi, hannu na rawa, magana ta fara harɗewa. Sugansa ne ya faɗi, dabino ko lemo mai zaƙi yake buƙata nan take, saboda haka kada aljihunka ya rabu da dabino, kuma ba kai aka ce ka ci ba. Wanda amsoshinsa suka ba ka tsoro, ka ce ya kawo takardar likita. Zai ji haushi, zai ce shi ya san jikinsa. Gara ya ji haushinka yana tsaye.

In kuma ƙaddara ta zo mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba numfashi, na san abin da jininka zai gaya maka: nemi ƙofa, nausa daji. Kada ka kuskura. Ka sa a nemo mota, kai kuma ka durƙusa ka danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane danni 30 a hura masa iska sau biyu. Ba a koyon wannan a wasiƙar Babarbare, sai an je an yi da hannu a kan mutum-mutumi, kuma ƙungiyar Red Cross tana koyarwa. Kocin da bai iya shi ba, a wurina, mai gadin ƙarfe ne kawai.

Na ji an ce da aka tambaye ka shaidar ƙwarewa, hotonka ka nuna kana tsaye da ƙafa ɗaya, ka harɗe ɗayar, ka dogara sanda. An ɗauke ka a haka, amma ba za ka yi nisa a haka ba. Manyan gidaje da otal-otal suna tambayar takarda, kuma cikin waɗanda aka fi sani akwai na ƙungiyoyin Amurka irin su ACE da NASM da ACSM. Ana karatunsu ta intanet, a zauna jarrabawa, ba sa kuma ba ka shaida sai ka nuna ka iya wancan ceton ran, bayan shekara biyu ko uku ka sabunta da ƙarin karatu. Da dala ake biya, to ga amfanin karsana: sayar da ɗaya, ko da Baffa zai yi mako ba ya amsa gaisuwarka. A gida ma ba a rasa ba, akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, akwai sashen ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Karatun ne zai koya maka inda kowace tsoka ta kama ƙashi, da dalilin da ya sa gwiwar mai shekara 60 ba ta son abin da ta mai shekara 20 ke so. Shi ne kuma zai nuna maka iyakarka. Wanda ya zo da gocewar ƙashi, ko wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, wurin likitan gashin ƙashi za ka tura shi, in an sallame shi a gaya maka abin da za ka yi masa. Kada ka ce ai kun saba yi wa shanu ɗori.

Kuɗi kuwa nan fulako ke kashe ku. Albashin da gidan zai ba ka na tsayuwa a fili ne, ka nuna wa wannan yadda ake kunna inji, ka mayar da ƙarfe mazauninsa, ka goge gumin wani daga benci. Ba zai yi kauri ba, ga shi hayar Abuja ba ta san da zaman naira 70,000 ɗin da aka yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Romon yana wurin masu biya daban don a tsaya a kansu su kaɗai na awa guda, gidan ya cire kasonsa ya ba ka naka. Ka nemi a rubuta maka wannan kaso a takarda tun yanzu, da abin da za a yi in mutum ya biya bai zo ba. Na san ka, za ka sunkuyar da kai ka ce duk yadda oga ya yi daidai ne, sannan ka koma ɗaki kana ƙunar zuci. Masu ofis daga sallar asuba zuwa ƙarfe takwas suke zuwa, su dawo daga la'asar zuwa bayan isha'i, tsakar rana sai kai da fanka. Ko ka yi karatu a lokacin, ko ka nemo dattawan da suka yi ritaya da masu aikin dare ka cike shi da su, ko ka kashe shi a TikTok kana ɗaukar haƙarƙarinka hoto. Wata rana kuma wani Alhaji zai ja ka gefe ya ce me zai hana ka riƙa zuwa gida kana yi masa, ya ba ka kuɗin a hannu. A gidan mutane ka same shi, da injinsu da wutarsu, kuma manajojin wannan sana'a sun san juna. In kana son aikin gida ka tambaya a fili. Kai da ka san zafin a wayi gari an kore wa mutum saniya, kada ka yi wa wani.

Akwai wata kasuwa ta bayan fage da nake so ka buɗe mata kunne da kyau. Yaro zai zo maka da hoton wani ƙato a waya, ya ce haka yake so ya zama kafin Sallah. Za a zo a ce saura mako uku biki, a sauke wa amarya kilo goma. Duk inda ake gaggawa irin wannan akwai mai jaka yana jira, da allurar kumbura tsoka, da shayin rage tumbi, da ɗamarar roba, da garin da ba a san me ke ciki ba. Za a ce ka sayar a ba ka la'ada, la'adar kuma tana iya fin albashinka. Allurar nan tana kumbura damtse, ba ƙarya, amma tana taɓa hanta da zuciya, tana hawar da jini, tana tsumburar da 'ya'yan maraina har haihuwa ta yi wuya, wani ma nono ya fito masa. Shayin kuwa yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ya fita, sikeli ya yi ƙasa kwana biyu, kitse na nan inda yake. Ɗamara gumi take jawowa, gumi kuwa ba kitse ba ne. Babu kuma atisayen da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya ƙone, jiki gaba ɗaya yake sauke kayansa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce saukar da ke ɗorewa. Ka faɗa musu haka ko da za su tafi wurin wanda zai yi musu ƙarya. Wasunsu za su dawo, kuma wanda ya dawo daga can ba ya sake tafiya. Kai kanka, na roƙe ka, kada haushin zolayata ya sa ka nemi sha-ka-fashe. Fuskar ce za ta kumbura, ƙafafun suna nan yadda Allah ya yi su, an ƙara mana abin dariya ke nan.

Abinci ma ka yi maganarsa da harshen mutanenka. Kada ka kwafo jadawalin Turawa ka miƙa wa mutum, ka ce ya karya da abin da sai an je babban kanti, alhali ga wake, ga ƙwai, ga gyaɗa, ga kifi, ga zogale, ga acca, ga kuma nonon da har ni ba na musun amfaninsa in ba ku tsula masa ruwa ba. Ba tuwo ne abokin gaba ba, malmala uku cikin dare ne, da lemon kwalba da ke biyo bayansu, wanda sukarin ƙaramar kwalbarsa kan kai cokalin shayi takwas ko tara. Tafiyar rabin awa a kan inji da ƙyar take biyan bashin kwalba ɗaya. Ka sani kuma ba da kitse kaɗai kake faɗa ba, har da bakin mutane. A wurinmu tumbi shaidar arziki ne. Alhaji na fara saukewa, sai 'yan'uwa su fara zuwa dubiya, wani ya ce lafiya ka rame haka, wani ya koma gefe yana tambayar ko kasuwa ce ta juya. Ka shirya shi tun kafin su fara, ka ba shi igiyar awo ya riƙa dubawa da kansa: ƙugu bai kamata ya kai rabin tsawon mutum ba. Burabusko dai ka cire bakinka daga kansa, ba sa'anka ba ne.

Abin da ya fi allura saurin kashe koci kuwa mata ne. Ku dai Allah ya ba ku hanci da gashi, wannan ba ma ja, kuma shi ne abin da ke damuna. Sana'ar ta kusanci ce. Kana tsaye a kan mutum yana haki, ka san nauyinsa, ka san maganin da yake sha, wata rana har abin da ke damunsa a gida zai gaya maka. Duk wannan amana ce, ba a kai ta majalisa, ba a kuma sa hoton kowa a Instagram a ce ga shi da, ga shi yanzu, sai da izininsa. Gyaran tsayuwa da baki ake yi da nuni, in mace ce kuwa ka bar hannunka a aljihu. Saƙon waya ya tsaya kan lokacin zuwa da lokacin tashi. Magana ɗaya ta fita a kanka, ko gaskiya ko ƙarya, mai gida kai zai sallama, ba kwastoma ba. Shi ya sa nake ganin babbar kasuwar da ke kwance a Arewa ta mata masu horar da mata ce. Hajiyoyi da yawa likita ya ce su motsa jiki, suna da kuɗin, amma ba za su shiga ɗakin da maza ke ciki ba. Ka gaya wa ƙanwarka, wadda ke ɗauko ƙorai uku a ka daga ruga zuwa kasuwa ba ta zubar da ɗigo ba. Ita ce ma ta fi ka cancanta.

In azumi ya kama gidan zai yi shiru, manaja ya fara duban ku ɗaya-ɗaya yana lissafi. Kocin da ya san aikinsa ba ya rasa mutanensa a watan, lokaci yake sauya musu, mara nauyi gab da shan ruwa, mai nauyi bayan asham.

Nan da shekara goma wani yaro zai shigo da ƙirjin da ya fi na kowa, ya kuma yarda da rabin albashinka. Abin da ba zai zo da shi ba shi ne sanin da ka tara da mutanen da suka yarda da kai. Don haka ka kama lungu guda ka ƙware a kai, ko tsofaffi, waɗanda ake so su riƙa atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don gudun faɗuwa, ko masu suga da hawan jini tare da likitocinsu, ko ajin jama'a da kiɗa irin wanda ke cika bakin tafkin Jabi ranar Asabar da safe. Ta nan ake zama shugaban masu horarwa, a zama manaja, wani ya buɗe nasa. Wani Ba'amurke, Jack LaLanne, ya buɗe gidan motsa jiki a Oakland ta Kalifoniya a 1936, ya yi sama da shekara 30 yana koyarwa a talabijin, ya mutu a 2011 yana da shekara 96. Abin da ya riƙe shi baki ne da naci, da iya sa matar aure da ke zaune a falo ta miƙe ta yi atisaye da kujerar da take kai. Naci kam kuna da shi, bakin nake ji maka, da wannan Hausar taka da har yau ba ta rabe namiji da mace ba. Ka dage ka gyara, kada ka dubi babban sakatare a gaban yaransa ka ce masa taso ki ɗaga.

Watan Cika-ciki na tafe, kuɗin sharata na bana daga albashinka za su fito, kuma ba na karɓar fura a madadinsu. Ku kuma masu karatu, duk wanda likita ya ce ya motsa jiki ya je ya yi rajista, amma ya tambayi kocinsa takardar shaida kafin ya hau inji, ko da kuwa bawan nan nawa ne. In ya nuna, ku biya shi hakkinsa cikakke, domin rabi nawa ne.